Riyaktan kalsiyam ɗina na haɗin gida yana ta toshewa, ina mafita?

Ɗan Mamobi: Salamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu riyaktan kalsiyam a tankin murjani na ruwan gishiri ku kawo ɗauki. Nawa haɗin hannu ne, gidan filtar ruwa mai inci 20 na samu, shuɗin nan mai kauri, na huda murfin na sa ƙaramin famfo yana juya ruwan ciki, ruwan da ke shiga kuma na tsago shi daga babban famfon da ke mayar da ruwa tanki. A bakin fita na sa nidil bawul (bawul mai siririn rami kamar na allura) ina saita ɗigon da shi. Tankin lita 400 ne har da samp (ƙaramin tankin da ruwa ke bi a tace shi), yawanci murjanin Montipora ne sai Acropora 'yan kaɗan. Damuwata ita ce ɗigon ba ya zama inda na aje shi, in saita shi da safe yana zuba lafiya lau, kafin a jima ya fara ja da baya, wani lokaci in dawo daga aiki in tarar ya tsaya cak, famfon ciki yana ta kar-kar-kar, gas ɗin CO2 ya taru a ƙarƙashin murfi. In na buɗe bawul ɗin gaba ɗaya sai wani farin ruwa ya tunkuɗo sannan ya dawo daidai, gobe kuma a koma gidan jiya. KH ɗin tanki, wato ma'aunin kabonet da ke cikin ruwan, yana yawo tsakanin 6 da rabi zuwa 9, kuma kun san Acropora ba ya ɗaukar irin wannan wasan.

Yaron Ashaiman: wslm yaya. ni sabon shiga ne fa, riyaktan nan menene aikinshi ma tukuna? ni kifi hudu gareni da murjani mai laushi zoa guda biyu

Baban Zainab (Tema): @Yaron Ashaiman murjani mai ƙashi yana zuƙe kalsiyam da KH daga ruwa ne yana gina jikinsa da su, to dole ka riƙa mayar masa. Riyakta tulu ne rufaffe da ake cika shi da tsakuwar murjani matacce, a saka masa CO2 ruwan ciki ya yi tsami, tsakuwar ta riƙa narkewa a hankali ruwan yana ɗiga cikin tanki. Kai da zoa biyu ba ka buƙatarsa ƙanena, canjin ruwa ya ishe ka, ka riƙe kuɗinka.
@Ɗan Mamobi maganinka ɗaya ne, ka cire nidil bawul ɗin nan ka sa famfon peristaltik, mai matsa tiyo da rola yana tura ruwa. Shi ke nan magana ta ƙare.

Hajiya Madina: Alhaji ka bari a ji ciwon kafin a rubuta magani mana. Ɗan Mamobi amsa min waɗannan. Kana da firob na pH (na'urar auna tsamin ruwa) a cikin riyaktan ko da ido kake yi? Kumfar gas nawa kake ba shi a minti? Wace irin tsakuwa ce a ciki? Sannan na ƙarshe, wanda ya fi duka, ka kwance bawul ɗin da tiyon da ke bayansa ka duba abin da ya toshe shi da idonka, don toshewa ba iri ɗaya ba ce. In ka ga farin ɓawo mai tauri ya kama bakin tiyo kana kankare shi da farce yana ɓarewa, wannan kalsiyam ne ya sake daskarewa bayan ya narke. In laka ce mai laushi, fara ko ruwan toka, ka murza ta a yatsa ka ji tana da ɗan ƙaiƙayi, wannan garin tsakuwarka ne. In kuma yauƙi ne ruwan ƙasa ko kore to dattin samp ne ko gansakuka, ya shigo ta ruwan shiga ko haske yana dukan tiyon. Kowanne da maganinsa.

Ɗan Mamobi: To Hajiya. Firob babu, kwantirola mai yanke gas bisa pH ma babu, solinoid (bawul ɗin lantarki mai buɗe gas da rufe shi) dai akwai. Kumfa kamar biyu a sakan. Tsakuwar kuma gauraye ce, akwai aragonait (tsakuwar murjani) ƙanana da wani ya kawo min daga waje amma bai cika tulun ba, sai na ƙara da dakakken ɓawon kawa irin wanda masu abincin kaji ke sayarwa. Bari in kwance bawul ɗin bayan la'asar in faɗa miki.

Masa Suame: Biyu a SAKAN? Yaro kai gas kake sayarwa ne ko saya kake

Hajiya Madina: Kumfa 120 kenan a minti. Gaskiya ne girman kumfa ya danganta da irin bobul kawunta (ɗan tulun ƙirga kumfa), ba za a ce ga lamba ɗaya ta kowa ba, amma tanki irin naka mutane da yawa daga 10 zuwa 20 a minti suke farawa sannan su ƙara a hankali. Tun kafin ka kwance bawul ɗin ma ina zargin laka za ka gani.

Bari in faɗa maka yadda abin ke juyawa, don in ka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne. Aragonait yana narkewa da kyau idan pH na ciki yana wajen 6.5 zuwa 6.7. In ya gangara ƙasa sosai, kamar 6.2 zuwa ƙasa, tsakuwar ba narkewa take yi daga waje a hankali ba, ruɓewa take yi tana farfashewa, ƙasan tulun ya koma kamar koko. Famfon ciki ya ɗebi garin nan ya yi ta yawo da shi, kuma ina ne hanya mafi ƙunci a duk haɗin naka? Ramin nidil bawul. Nan zai je ya zauna. To da zarar ɗigo ya ragu, sabon ruwa mai pH 8 ya rage shigowa, amma gas bai san an yi haka ba tunda babu kwantirola, yana nan yana shiga biyu a sakan. pH ya ƙara faɗi, tsakuwa ta ƙara ruɓewa, gari ya ƙaru, bawul ya ƙara toshewa, har ruwan ya ƙoshi da gas ya kasa shanye wani, shi ne wanda kake gani ya taru a murfi famfo yana shaƙarsa yana ƙara. Farin ruwan da ke tunkuɗowa in ka buɗe kuma ruwa ne mai tsami sosai mai KH da yawa, kana zuba shi tanki lokaci guda, shi ya sa lambarka ke tsalle daga 6 da rabi zuwa 9.

Baban Zainab (Tema): Duk abin da Hajiya ta faɗa haka ne, kuma shi ya dawo da mu kan maganata. In ruwa yana tafiya a kan adadi ɗaya dare da rana wannan zagayen ba zai fara ba. Peristaltik ba shi da ramin allura, tiyo ne ake matsawa da rola, gari ya zo ya wuce abinsa. Ni Kamoer FX-STP nake amfani da shi, ka danna mil nawa kake so a minti ka tafi harkarka. Masu hali ma Masterflex na lab suke nema na hannu.

Masa Suame: Alhaji kai kana Tema kusa da tashar jirgin ruwa, komai ka ce a yi oda. Yaron da ya hada riyakta da gidan filta ya cika da abincin kaji kana ganin yana da kudin oda da duti? Mu yi maganar abin da zai iya yi yau da abin da ke hannunsa.

Dan Mamobi saurara. Ka matse ruwan a inda yake da tsabta, ka bar inda yake da datti a bude. Ma'ana ka dauke bawul din daga bakin fita ka mayar da shi bakin shiga, kafin ruwa ya shiga tulu. Gabansa ka sa dan karamin filta, ko na layin RO (injin tace ruwa) ko ka cusa soso a guntun bututu, saboda ruwan samp ma ba wai tas yake ba. Bakin fita kuma tiyo kwata inci a bude har samp, babu abin da ya tare shi. Abin da ya shiga shi zai fita, adadin daya ne, amma yanzu garin tsakuwa ba ya bi ta ramin allura. Nawa haka yake, da bututun PVC inci hudu na yi shi na sa wani mai injin lata a Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya yanka min murfin akirilik, kuma ba na tashi tsakar dare duba digo.

Baban Zainab (Tema): Masa wannan dabarar tana da nata aibin, ka faɗa masa duka. In ka matse a shiga ka bar fita a buɗe, cikin tulun ba shi da matsi ko kaɗan, CO2 kuma ya fi narkewa in akwai ɗan matsi. Zai ga gas yana taruwa a sama fiye da da, ko ya riƙa fita ta tiyon fita yana tofarwa, asarar gas kenan. In kuma bakin tiyon ya sauka ƙasa da tulun sosai zai riƙa janyo ruwa da kansa ya sa tulun ya zuƙi iska ta duk inda gam bai kama ba.

Masa Suame: Ai shi ya sa ake daga tiyon fita sama da murfi tukuna sannan ya sauko. Gas din da ke taruwa kuma ba barinsa ake yi ba, rami biyu ake yi a murfi. Daya a daidai inda ya fi tudu, ka ja siririn tiyo daga nan zuwa bakin da famfon ciki ke zukar ruwa, duk gas din da ya hau sama famfo ya sake ja ya nika shi. Na biyun shi ne na fita, ka zura masa guntun bututu ya sauka kamar inci daya ko biyu kasa da murfi don ya debi ruwa ba gas ba. Wannan ko peristaltik dinka ka sa sai ka yi shi Alhaji.

Kawu Fadama: Ni ina karanta ku ne kawai ina mamaki. Tanki lita 400 da Acropora 'yan kaɗan, me ya kai ka ga silindar gas da regileta mai rage matsinsa da solinoid ɗana? Kalsiyam kulorayid da bekin soda (ta yin kek), kowanne a jarkarsa, ka auna ka zuba kullum, tsarin Balling kenan ko tu-fat ɗin da Randy Holmes-Farley ya rubuta yadda ake haɗawa tun tuni. Babu toshewa babu gas. Riyakta na manyan tankuna ne waɗanda murjani ya cika su.

Hajiya Madina: Kawu da gaskiyarka ta wani ɓangaren, amma ka san samun kalsiyam kulorayid mai tsabta a nan ba kullum ba ne, kuma tu-fat yana ɗaga gishirin tanki a hankali sai kana lura. Shi kuma ya riga ya sayi silinda. Mu gyara masa abin da yake da shi.

Mai Frag Nima: Jama'a akwai frag (yankan murjani) na green star da hammer, mai so ya min magana ta inbox, farashi mai sauƙi

Admin: Mai Frag ranar Juma'a ce ranar talla, ka sani. Na bar wannan, na gaba zan goge.

Ɗan Mamobi: Na kwance. Hajiya iri biyu na gani. Cikin bawul ɗin laka ce ruwan toka, na zura tsinken sakace ta fito kamar tsawon ƙwayar shinkafa biyu a dunƙule, na murza ta watse. Amma a can ƙarshen tiyon inda yake ɗiga cikin samp farin ɓawo ne mai tauri ya zagaye bakin, ramin da ya rage bai fi a zura allura ba. Na jefa guntun a binega sai ya hau tsssss yana kumfa. Na kuma haska tulun da tocila ta baya tunda shuɗi ne ba a gani sosai, ƙasan wajen yatsa uku duk ya cushe babu sarari tsakanin tsakuwa.

Hajiya Madina: Madalla, yanzu muka san da wa muke faɗa. Ɓawon bakin tiyo dalilinsa daban. Ruwan da ke fitowa daga riyakta gas ne ke riƙe da kalsiyam ɗinsa a narke, da ya taɓa iska gas ya fara tsere, pH ya hau, kalsiyam kabonet ya koma dutse nan take a inda ɗigon yake rataye. In ɗigon yana tafiya a hankali ya fi muni don kowane ɗigo yana daɗewa a bakin kafin ya faɗi. Maganinsa, ka sa guntun tiyo mai faɗi a ƙarshe wanda za ka iya zarewa, ka aje biyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana jiƙe a binega ko ruwan sitirik asid, kana musanyawa. Wasu suna nutsa bakin cikin ruwa, ɓawon yana raguwa, amma ba za ka ga ɗigon ba kuma in aka ɗauke wuta yana iya jan ruwa baya. Ni ƙaramin kofi nake ratayawa a gefen samp, tiyon ya nutse a cikinsa, kofin ya cika ya riƙa malala. In ina son awo sai in ɗaga tiyon in tara a sirinji. Kuma in kana zuba kalk (ruwan farar ƙasa da ake ƙara kalsiyam da shi) kar ya haɗu da wannan ruwan a lungu ɗaya, shi pH ɗinsa ya haura 12, suna haɗuwa fari fat za ka gani.

Yanzu lissafi, don ina so ka daina ƙirga ɗigo ka koma mil a minti. A ce tankinka yana cin dKH 1 (da dKH ake ƙirga KH) a rana, lita 400. In ruwan riyakta yana fitowa da dKH 28 na tanki kuma 8, ribar kowace lita 20 ce, kenan lita 20 kake buƙata a rana, wajen mil 14 a minti. To in ka rage gas ruwan ya riƙa fitowa da 18, riba ta koma 10, sai ka buƙaci lita 40, wajen mil 28 a minti. Tanki ya samu abu ɗaya a duka biyun, amma a na biyun bawul ɗinka a buɗe yake ninki, ruwa yana gudu yana wanke hanya, tsakuwa ba ta ruɓewa. Mutane suna son su ji ruwan riyaktansu ya kai 35 ko 40 kamar gasa ake, alhali tanki bai damu ba. Kalsiyam kuwa kar ka bi shi daban, duk dKH 1 da riyakta ya bayar yana tafe da kalsiyam wajen 7 ppm, ka bi KH kawai.

Baban Zainab (Tema): A nan zan ɗan saɓa miki Hajiya. Ruwa da yawa mai tsami yana shiga tanki yana iya danne pH ɗin tankin, musamman mu da ke rufe ɗaki da AC dare da rana saboda zafi, iskar ɗakin ma cike take da CO2 na numfashinmu. Na ga tankin da ba ya wuce 7.7 da asuba saboda haka.

Hajiya Madina: Zai iya faruwa, shi ya sa ban ce ya buɗe kamar famfon wanka ba. Amma duba, gas ɗin da zai shiga tulun gaba ɗaya raguwa zai yi daga 120 zuwa ƙasa da rubu'in haka, ina zai samu ƙarin da zai danne tanki? Ya zuba ruwan kusa da bakin sikima (injin da ke cire datti da kumfar iska) ko wajen da ciyawar ruwan chaeto take, sauran gas ɗin ya fita can. In yana da hali ya ja tiyon iskar sikima ya fitar da shi ta taga, sai dai lokacin hunturu ya ɗaura masa auduga a baki saboda ƙura.

Yaron Ashaiman: chale kaina ya dau zafi paa. amma inada tambaya, tunda tsakuwar waje tanada tsada me zai hana mutum yaje bakin ruwa Labadi ko Kokrobite ya kwaso bawo kyauta

Masa Suame: Ku mutanen Accra komai kyauta kuke so, shi ya sa kungiyar kwallonku Hearts take yadda take

Ɗan Mamobi: Masa kar mu fara maganar Kotoko a nan wallahi za a kwana 😂

Kawu Fadama: Yaro gaɓar tekunmu ba ta da dutsen murjani irin na Bahar Maliya ko Indunusiya da za ka je ka kwaso ɓaraguzansa, ɓawon kawa da na katantanwa ne kawai, gauraye da yashin da ba ya narkewa da duk abin da kwata ta kai teku. In ɓawo ake nema da yawa Ada ake zuwa, bakin kogin Volta inda ake kamun adodi, tuli-tuli ake tara ɓawonsa ana sayar wa masu abincin kaji da masu farar ƙasa. Amma a kai shi riyakta, wannan sai Hajiya.

Hajiya Madina: Ban ce haramun ba ne, amma wanda ya saka yanzu shi ne rabin matsalarsa. Na abincin kaji an daka shi ne don kaza ta haɗiye, falle-falle ne sirara da gari mai yawa, suna kwanciya kan juna su toshe hanyar ruwa, ba kamar tsakuwar murjani mai ramuka ba. Sannan ɓawon kawa yawancinsa kalsait ne (wani nau'in kalsiyam kabonet), shi kuma ya fi aragonait taurin narkewa, yana son pH ƙasa. To ka haɗa su tulu ɗaya, in ka ba da gas ɗin da zai narkar da kawa aragonait ɗin ya ruɓe, in ka bi aragonait kawa ya zauna kawai yana tare wuri. Ga kuma ragowar nama da datti da ke iya kawo fosfet. Duk wanda zai gwada ɓawon gida ya zaɓi manya, ya wanke sosai, ya jiƙa kaɗan a ruwan RO da ɗan asid ya auna fosfet kafin ya yarda da shi, kuma kar ya gauraya.

Ɗan Mamobi ka juye tulun gaba ɗaya. Ka tankaɗe da rariya mai manyan ido, duk abin da ya wuce ta ido ka zubar, ka tsince ɓawon. Wanda ya rage ka wanke har ruwan ya fito garau. Ko rabin tulu ya kai ya ishe ka yanzu. In za ka sake saya ka nemi manya, masu girman gyaɗa zuwa sama.

Masa Suame: Kuma kar ka zuba tsakuwa kai tsaye a kasan tulu. Ka yanka faranti mai ramuka ka daga shi kamar inci daya da guntayen bututu, ka shimfida ragar roba a kai, ruwan famfo ya shigo ta karkashi ya hau sama. In ruwa yana saukowa daga sama danne garin yake yi yana cusa shi kasa har famfo ya kasa ja. Soso mai laushi kar ka sa, shi da kansa yake zama toshewar, in dole ne ka sa mai manyan ramuka baki din nan. Sama kuma ka bar sarari kamar tafin hannu.

Sai abu na karshe wanda ni a wurina ya fi peristaltik din Alhaji amfani. Ka samu karamin gidan filta inci 10 mai haske wanda ake ganin ciki, ka sa shi bayan babban, ka zuba tsakuwa rabi. Ruwa ya fito daga babba ya shiga nan a hankali, duk garin da ya biyo shi ya kwanta a kasa kana kallonsa, ragowar gas ya ci tsakuwar nan pH ya dan hau kafin ya isa tanki. In ya taru ka kwance karamin kawai ka wanke ba ka taba babban ba. Sai ka rufe shi da bakar leda ko tsohuwar safa don haske.

Baban Zainab (Tema): Tulu na biyu na yarda da shi ɗari bisa ɗari, nima ina da shi. Amma ku rubuta ku aje, bawul ko a shiga ko a fita sai ya motsa, domin ruwan nasa daga babban famfo yake tsagowa, ranar da famfon ya yi datti ko ruwan samp ya ragu matsi ya canza ɗigo ya canza. Abin da zan ƙara, in ka tashi saye kar ka sayi ƙananan dozin famfo masu arha ɗin nan ka ce za ka bar su a kunne awa 24, ba a yi su don haka ba, motar za ta ƙone. Mai motar stepa, wanda aka yi don aiki ba tsayawa, ake nema. Tiyon cikinsa ma yana gajiya, ana canzawa.

Injiniya Aboabo: Salam, yanzu na shigo na karanta daga sama. Ba wanda ya taɓo ɗauke wuta, kuma a ƙasar nan shi ne babban mai toshe layin gas. In wuta ta tafi solinoid yana rufewa da kansa, wannan daidai ne. Amma gas ɗin da ya rage a tiyo yana narkewa cikin ruwa, ruwan gishiri ya biyo tiyon baya a hankali. In cek bawul ɗinka, mai hana ruwa komawa baya, irin na famfon iska ne na roba, CO2 yana busar da shi ya daina rufewa, ruwa ya wuce bobul kawunta ya kai ga nidil bawul na regileta da solinoid, ya bushe ya bar gishiri da tsatsa. Daga nan kumfa ta fara yi maka gardama, yau goma gobe uku jibi talatin. Ka sa cek bawul na CO2 guda biyu, ɗaya dab da riyakta ɗaya kafin regileta, ka ɗaga tiyon ya yi sama da tulun kafin ya sauko.

Na biyu, masu inbata ku kula da wannan. Solinoid da famfon cikin riyakta da abin da ke ba shi ruwa su zauna a soket ɗaya, ko duka a inbata ko duka a waje. In solinoid yana inbata famfon ciki ba ya kai, wuta ta tafi gas yana ta shiga tulun da ruwansa ba ya motsi, ka dawo ka tarar da rabinsa gas. Silinda kuma a tsaye, a ɗaure, nesa da rana, ruwan CO2 ne a ciki kuma matsinsa yana hawa da zafi. Agogon matsi ba zai nuna maka ya kusa ƙarewa ba sai ruwan ciki ya ƙare, in ka ga allura ta fara sauka ka je a cika, don regileta mai mataki ɗaya yana iya sako gas da yawa a ƙarshen silinda.

Ɗan Mamobi: Injiniya cek bawul ɗina na famfon iska ne kuwa, guda ɗaya. Inbata kuma babban famfo ne kawai a kai.

Injiniya Aboabo: To ka ga naka in wuta ta tafi ruwa yana ci gaba da shiga tulun, gas da famfon ciki sun tsaya. Wannan ba haɗari ba ne, har gara haka, sai dai yana tura ruwa layin gas da ƙarfi, canza cek bawul ɗin kafin komai.

Hajiya Madina: Firob ɗin pH ma in ka samu kuɗi ya riga peristaltik a layi, ni a ganina. Ka saita kwantirola ya yanke gas a 6.5, ko ɗigo ya tsaya tsakuwarka ba za ta ruɓe ba. Amma a riƙa gyara shi da ruwan 7 da na 4, firob ɗin da aka manta da shi ƙarya yake yi. Kafin nan ka tara ruwan fita a kofi ka auna nan take, zai nuna sama kaɗan da na ciki. KH ɗinsa kuma in kit ɗinka ba ya kaiwa, ka haɗa kashi ɗaya da kashi ɗaya na ruwan RO ka auna ka ninka biyu. In ka canza saiti ka ba shi kwana ɗaya ko biyu kafin ka sake taɓawa, kuma abu ɗaya a lokaci guda, ko gas ko ruwa.

Baban Zainab (Tema): Firob kafin famfo? Hajiya a nan ma ban yarda ba, amma dare ya yi.

Ɗan Mamobi: Jama'a barkanmu da warhaka, ga inda aka kwana. Na juye na tankaɗe, abin da ya rage bai kai rabin tulu ba. Na yi farantin ƙasa da murfin bokiti, bawul ya koma bakin shiga da ɗan filta a gabansa, na huda rami na biyu na gas kamar yadda Masa ya ce. Kumfa 15 a minti, ruwa mil 30 da sirinji, KH na fita 17. Famfon ya yi shiru. Abin da ya rage gidan filta inci 10 mai haske, na zaga wajen masu kayan famfo a nan duk shuɗi ko fari suke da shi, da cek bawul na CO2, shi kam ban ma san inda zan nema ba.

Injiniya Aboabo: Tambayi masu gyaran injin lemo da na giyar famfo, ko masu tankin ciyawa na ruwan daɗi, su ma da CO2 suke aiki.

Masa Suame: Mai haske akwai guda a shagona ba na amfani da shi, zaren murfin lafiya sai dai ka sa sabon O-ring. Yarona zai sauko Accra ranar Asabar da mota, turo min lambarka ta inbox ya same ka a Circle. KH 17 ya yi kasa kadan in murjanin ya fara ci, ka auna tankin gobe da jibi a lokaci daya, in yana sauka ka kara kumfa biyar kar ka taba ruwan.